Zangarniyar da Ba a Waiwaya

Ban taɓa mantawa da safiyar da Dokta Idrisa ya shimfiɗa igiyarsa a gonar berbere ya naɗe ta hannu wofi ba. Kun ce in bar muku labari ɗaya kafin in bar muku ofishin nan, to ga shi. Mai rubutawa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana.

An ɗauke ni aiki a nan wajen ƙarshen shekarun casa'in, ni da ban taɓa zama a aji ba. Tsarin tawagar bincike a lokacin haka yake: Dokta ne shugaba, masanin tattalin arzikin noma. A ƙarƙashinsa akwai masu tambaya biyu da takardunsu, sai direba, sai ni a can ƙasa, mai rakiya. Matan da ke fita ƙwadagon gona ba sa buɗe baki ga namiji mai riƙe da biro, don haka ni ake turawa gaba. In zauna, in sha shayi, in gaisa da Hausa ko da Larabcin gari, sai sun sake sannan in ɗaga hannu masu takarda su matso.

Ga wanda bai sani ba, berbere dawa ce ta rani. Idan ruwan damina ya janye daga baƙar laka, sai a huda ƙasa da sanda mai tsini a dasa ta ɗaya bayan ɗaya, ba ta sake ganin ruwan sama har a girbe ta. Dashe da girbi duka hannu suke ci, shi ya sa sau biyu a shekara unguwanninmu suke raguwa. Daga Digel, daga Butalbagar, mutane su ɗaure tabarma da tukunya su fita. Waɗannan mutane su ne aikin Dokta tun da ya dawo daga karatu. Mutumin kirki ne, ba ya cin abinci a gona sai ya ga ma'aikata sun ci. Aibinsa ɗaya, abin da bai hau ma'auninsa ba bai yarda yana duniya ba.

Burinsa shi ne hukuma ta tsayar wa 'yan ƙwadago lada mai mutunci, da ruwan sha da inuwa a bakin gona. Masu gonaki kuwa suka ce ina, ai aikinsu na ganganci ne, suna barin hatsi a ƙasa. Sai Dokta ya ce bari ya auna. Yana da igiya mai ƙulli huɗu da turaku huɗu. Da zarar masu girbi sun wuce, sai ya kafa ta, a tsince duk zangarniyar da ta rage a ciki, a ɗora a ma'auni. Gona bayan gona ya yi haka, ko'ina kuwa ya samu. Ya sa wa abin suna asara.

Ranar wata Alhamis ya tara mu ya fassara mana rahotonsa, fuskarsa har sheƙi take. A ƙara lada, a kawo ruwa. Su kuma ma'aikata su yi girbi tas, a sa mai duba ya bi bayansu, wanda ya bar zangarniya a rage masa. Kowa ya samu, in ji shi. Ranar Litinin za a kai ma'aikatar noma. Masu tambaya suka tafa. Ni ban tafa ba.

Da la'asar na wuce gidan Zara, maƙwabciyata a Digel, wadda ta kai shekara talatin tana jagorantar mata girbi. Na tarar da ita tana shiƙa. Na faɗa mata abin da na ji, ta ajiye faifan.

"Hajja Bilki, in kika gaya masa, rubutawa zai yi. Abin da aka rubuta kuwa ya zama sata."

"In ban gaya masa ba, Yaya, zai rubuta a hana."

"To su Kaka Hawwa su ci me? Ita da ba ta iya yini a sunkuye?"

Ga abin da muka sani ni da ita, Dokta bai sani ba. Mai girbi ba ta waiwayar zangarniyar da ta faɗi daga hannunta. Wadda ta yi gajarta, ko ta kwanta a tsagar ƙasa, tsallake ta ake yi. Wani lokaci ma hannu yakan saki da kansa. Bayan kwana uku masu kala su shigo: tsofaffi, gwauraye, masu jego, duk wadda ba wanda zai ɗauka aiki. Abin da suka tsinta nasu ne. Ba a taɓa yin shawara a kan haka ba, ba a kuma faɗa.

Ni da kala aka raine ni. Kakata ta taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ita da mijinta, za su Makka. Gona gona suka yi ta bi suna nufar gabas, inda aka ɗauke su aiki su yi, inda ba a ɗauka ba su jira kala. Mijin ya rasu a bakin kogin Shari, ita kuma ta ce bari ta huta shekara ɗaya. Hutun ne har yau muke yi. Takan ce mini hanyar Makka ba da yashi aka shimfiɗa ta ba, da zangarniyar da wasu suka ƙi waiwaya. Ina yarinya nakan rufe ido in ga hanyar, fara sol, tana tafiya ta cikin gonaki har inda rana take fitowa, mata suna binta a sunkuye ba sa gajiya.

Ranar Juma'a kafin a tashi masallaci na shiga ofishin Dokta ban jira an kira ni ba.

"Dokta, awonka bai cika ba."

Ya cire tabarau. "Hajja, gona nawa muka auna tare?"

"Ranar girbi ka auna. Ka taɓa komawa bayan kwana uku?"

"In koma in ga me? Tsuntsaye sun cinye."

"To gobe mu je mu gaida tsuntsayen."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba. Ya ce rahoto ya riga ya kammala, shef, wato babban da ke sama da shi, ya sa hannu, man mota ma sai an cika takarda. Na ce ai ni ban san takarda ba, na dai san gonar da aka girbe ranar Laraba. Sai ya aika a kira direba.

Bayan sallar asuba muka bi ta unguwar Atron muka fita daga gari. Mun isa rana ba ta gama fitowa ba. Hazon kogi ya kwanta a kan gonar, kara a tsaye ba kai, ƙasa ta tsattsage kamar tafin tsohuwa. Da farko ba mu ga kowa ba. Can sai hazon ya fara motsi, lafaya ja, lafaya shuɗiya, ɗaya nan ɗaya can, kamar daga ƙasa suke tsirowa. Ba mai magana. Sai ƙarar zangarniya tana faɗawa a ƙwarya, ƙwas, a jima, ƙwas. Na tsaya ina kallo har na manta da aikin da ya kawo ni. Wallahi akwai wata 'yar siririya a can ƙarshe mai tafiyar kakata, ban matsa kusa ba don kada in ga ba ita ba ce.

Dokta ya jira suka wuce, ya kafa turakunsa. Ya durƙusa ya laluba, har cikin tsaga ya zura hannu. Babu. Ya matsa gaba ya sake kafawa. Babu. Zara, wadda ta rako Kaka Hawwa don ta ɗaukar mata kwando, ta tsaya a kansa.

"Dokta, allura ka yar ne? Mu taya ka nema."

"Waɗannan su wane ne, Inna?"

"Tsuntsaye," in ji Zara. Ashe direba ya riga ya kai mata maganar.

A gindin wata ƙirya muka ga mai gonar da kansa, wani Alhaji, zaune a kan buzu ya ba gonar baya yana jan carbi. Shi ne ya fi kowa ƙorafi a taron masu gonaki. Dokta ya gaishe shi ya ce, "Alhaji, ka san matan nan suna cikin gonarka?"

"Waɗanne mata? Ni kara na zo dubawa."

"Amma kai ka ce mini ma'aikata suna bar maka hatsi a ƙasa."

"Suna bari mana. Mahaifina ma haka ya yi ta ƙorafi har ya koma ga Allah. Ƙorafin nawa ne, Dokta, kada ka taɓa mini shi. Abin da ke ƙasa kuma ban san zancensa ba."

Muka shiga mota muka kamo hanya har muka hango gari. Sannan Dokta ya zaro biro ya ce, "Hajja, da gangan suke saki, ko?"

Na ce, "Abin da idonka ya gani ka rubuta. Abin da hannun mutane ya yi, ka bar musu."

Ya mayar da biron aljihu.

Ranar Lahadi shi kaɗai ya yini a ofis. Ya cire maganar mai duba da ta ragin lada gaba ɗaya. A wurinsu ya sa layi guda, daga baya ya karanta mini: bayan kwana uku ba a samu komai a ƙasa ba, domin abin da ya rage a gona yana da masu shi. Kada ku zaci an yaba masa. Shef ya yi fushi, ya ce ya zare wa rahoto haƙori. Masu gonaki suka ce tunda ba a ba su komai ba, su ma ba za su ƙara ba. Maganar lada ta kwanta shekaru, sai da muka shiga shekarun dubu biyu aka sake ɗaga ta, ruwan sha ma sai daga baya. Na san abin ya ci masa rai, ya kuma ja masa jinkirin girma. Bai taɓa yi mini gori ba. Kaka Hawwa kuwa ta yi kala girbi huɗu bayan wannan, da dawar kala aka yi sadakar ukunta.

Wannan layi da kuke gani a ƙasan takardarku, wanda ya ce a koma gona bayan kwana uku, kuke tsallake shi don mai ya yi tsada, daga safiyar nan ya fito. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, mutanen gona ba sa yi wa mai tambaya ƙarya, sai dai akwai abin da kunya da mutunci ba sa bari a faɗa, shi ne kuma yake riƙe da mutane. Ma'auni zai gaya muku nauyin abin da ya faɗi, ba zai gaya muku wa aka bar wa ba. Ina nan Digel, ina kuma jin labarin duk wanda ya cika layin nan daga kan kujerarsa. Ku tashi da asuba ku koma gonar.