Buhunan Yashin Jibo

Jibo, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tuƙa sabuwar mota ba, ban kuma taɓa jin ya yi sha'awarta ba. Ni tela ne a bakin tashar Gaya, shi kuma yana da kat-kat ɗinsa, tsohuwar motar shiga daji mai shan gazuwal, wadda fentinta ya koɗe har ba a gane launinta na asali. Mutumin Dendi ne, Hausarsa ta kasuwa ce, magana ba ta dame shi ba. Da safe sai ya murɗa makulli rabi, ya dakata, ya yi bisimilla, sannan ya tayar. Da damina, in ƙananan motoci suka ƙaurace wa hanyar Tunuga, ita ke shiga, ta fito da taɓo har madubi. Direbobin tasha kan zolaye shi cewa duk wanda ya hau ta sai ya nemi mai ɗori. Suna da gaskiyarsu, don in ba ta da kaya tsalle take yi kamar ɗan akuya.

Daminar bara waccan aka kira ni daga Tunuga cewa mahaifiyata, Inna Asabe, ta zame a bakin rijiya, ƙashin ƙugunta ya karye. Ma'aikacin ɗakin shan magani ya ce a kai ta asibitin Gaya, amma a kiyaye jijjiga, in ƙashin ya goce da wuya ta sake tsayuwa. Ban gama gaya wa Jibo ba ya ba fasinjojinsa haƙuri ya sauke su.

Muna cikin tafiya sai ya tsaya a bakin wata ƙorama, ya fito da shebur da tsofaffin buhunan shinkafa.

Na ce, "Jibo, uwata na can kwance, kai kana wasan ƙasa?"

"Kama bakin buhu, Hama."

"In mun dawo ka ɗiba mana."

"Tela, kai allura ka sani. Kama."

Na kama, raina a ɓace. Muka cika buhuna, ya jera su a baya daidai saman tayoyi, har na ga motar ta ɗan durƙusa. Da muka ci gaba, ramukan da ɗazu ke haɗa kaina da rufi sai na ji muna wuce su a hankali.

A Tunuga ya shimfiɗa katifa bisa buhunan, muka ɗauko Inna a tabarma. Tana zufa don ciwo, amma bakinta bai mutu ba. Ta shafa buhu ta ji yashi.

"Jibo, tun ban cika ba ka ɗebo ƙasar rufe ni?"

Ya ce, "A'a, Inna. Ke da wannan tsohuwar motar halinku ɗaya. In ba a ɗora mata aiki ba, faɗa take yi."

"Ɗan nema. Allah ya sa ta fi ni haƙuri."

Na zauna a baya riƙe da hannunta. Jibo na lallaɓa motar kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, kowane rami sai ya shige shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. A wani kwari da ruwa ya cinye hanya ya sauka, ya murɗa wani abu a tayoyin gaba, ya koma. Injin ya yi gurnani ƙasa-ƙasa, taɓo na tashi ta gefe, ni ina ta salati, domin in muka kafe a nan sai an tura, turi kuwa jijjiga ne. Ba ta kafe ba. Da muka haye na duba Inna, sai na ga barci ya ɗauke ta, hannunta ya saki nawa.

Da la'asar muka shiga asibiti. Bayan an yi hoto aka ce ƙashin na nan inda ya karye, bai goce ba. Na fito in gaya wa Jibo, na tarar yana juye yashin a wani rami da ke bakin ƙofa. Ya ce to, alhamdu lillahi, ya tambaye ni ko na ci abinci.

Bayan babbar Sallar bana zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Har yau in na zauna a keken ɗinki sai in riƙa ɗaga kai ina duban inda yake fakawa.

Ranar sadakar uku Inna, wadda ke zaune gidana tun da aka sallame ta, ta ce za ta je ta yi wa matarsa Hamdiyya gaisuwa. Na ce in kira kabu-kabu, ta ƙi. Ta ɗauki sandarta muka bi lungu, tana tafiya tana hutawa, ina binta a baya. Motar na ƙofar gidan, an lulluɓe ta da tamfol. Inna ta dafa ta har numfashinta ya dawo, sannan ta yi sallama ta shiga da ƙafarta.