Ranar da Na Ƙi Yi wa Ɗana Dariya

Akwai wata dariya da na haɗiye ina yarinya, kuma har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar ba.

Lokacin da ake haƙa manyan hanyoyin ruwan da suka taso daga Tiga, maigidana ya samu aikin lebura a wajen Kura. Muka bar ƙauyenmu na ƙasar Bunkure, muka kama ɗan gida kusa da wurin aikin. Ban san kowa ba. Da asuba yake fita, sai magariba ya dawo jiki duk jar ƙasa, ko hira ba ya iyawa. Ni kuwa ina kulle, daga ni sai ɗana na fari wanda bai cika shekara biyu ba.

Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. To wane mutum ne a gidan? Sai na saki jiki, ya zama abokin hirata. Kullum da sabuwar kalmarsa, yau "kaza", gobe "mota". Wata Juma'a babansa ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shi kallon wurin aiki. Tun daga nan, sai ya kifa ƙoƙo a ka kamar hular injiniyoyi, ya goya hannu a baya, ya turo ɗan cikinsa, ya bi makwararar wanke-wanke yana dubawa, sannan ya nuna ni da yatsa ya ce, "Buɗe ruwa!" Ni kuma in tuntsurar da buta, in yi ta dariya har da hawaye. Ban taɓa ganin injiniya ba, a wurinsa na gani.

Da lokacin yaye ya yi, surukata ta zo tare da ƙanwarta. Ta ce tunda na fari ne, nata ne, a wurinta zai zauna. Na sunkuyar da kai na ce to.

Ina tsugune ina ninke rigunansa, sai ga shi da ƙoƙo a ka, ya nuno ni. "Buɗe ruwa!" Tsofaffin suka fashe da dariya, amma ba su yake kallo ba. Buta tana nan kusa da ƙafata. Na kau da kai. Ya sake faɗa da ƙarfi. Na ukun, sai da ya zo ya ja zanina, ya faɗa a hankali.

Surukata ta ce, "Kai, rabu da ita, ba ka ga 'yar mutunci ce mai kunya ba?"

Ya cire ƙoƙon ya ajiye a gabana. Haka aka goya shi aka fita.

Gidan ya yi tsit, sai kukan katafila daga nesa. Na yi kewa irin wadda ban taɓa yi ba. Bayan wata bakwai na je ganinsa, bakinsa ya buɗe tas. Na faki idon mutane, na ja shi bayan ɗaki, na kifa masa ƙoƙon da na taho da shi. Ya cire, ya leƙa cikinsa, ya ruga wurin surukata yana cewa, "Inna, baƙuwa ta ba ni ƙoƙo, ba komai a ciki."

Ban ce kunya laifi ba ce, da ita aka raine mu. Amma yaro bai san kunya ba, abin da ya gani kawai uwarsa ta juya masa fuska. Shi ya sa nake gaya wa 'ya'yana mata, idan ɗanki ya yi abin dariya, ki yi masa ita a take, ko wa ke zaune a wurin. Ni na ajiye tawa sai an watse, ban sake samun wanda zan yi wa ba.