Cinikin akori-kurar marigayi a Kusada

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Katsina, ni da ɗan ƙanen mahaifina wanda ya karɓi tuƙi. Yayata ce ta kira ni. Mijinta ya rasu a farkon damina, ta gama takaba, magada kuma sun daidaita a sayar da akori-kurarsa da injin sussukar hatsin da yake yawo da shi ƙauyuka, a raba wa kowa haƙƙinsa. Ni aka ɗora wa cinikin, wai don ba ni da rabo a ciki. Katangar gidanta ta faɗi da ruwan bana, ga yara 'yan makaranta, saboda haka duk nairar da na bari ta zube, daga bakin marayu ta zube.

Hanya lafiya lau, sai ramukan da damina ta tona, da shingayen jami'an tsaro inda kowa ke tambayar me muka zo masa da shi. Bayan Charanci gero ya nuna a gonaki, wasu har sun fara girbi, dawa kuwa ta fitar da kai. Na ce wa abokin tafiyata mun zo a kan gaɓa, domin yanzu ne injin sussuka ke da daraja. Man da muka sha a hanya kuwa, gara kada in faɗi kuɗinsa in tayar wa kaina da hawan jini.

A Kankiya muka tsaya karin kumallo kusa da tasha. Ƙosai mai zafi, koko mai tsami daidai, ga 'yan kamasho na ta kiran Kano, Kano. Ban gama zama ba mai shayin ya dube ni ya ce, "Halan ku ne za ku Kusada sayar da motar marigayi?" Na ajiye cokali. Ban san shi ba, bai san ni ba, amma labarina ya riga ni isowa. Kafin in amsa, wani mutum mai farar shadda ya taso daga benci inda yake zaune da wasu mutum biyu, ya yi mani ta'aziyya kamar tare muka girma, ya ce shi dillali ne, duk motar da ta canja hannu a yankin nan da saninsa. Da muka tashi biya, mai shayi ya ce an biya. Tun daga nan na fara zargi.

Muka bar babban titi muka nufi Kusada. Hanya ce ta masu babur da amalanken shanu, ko'ina damman gero jingine a bakin gona. Yaya ta tarbe mu da fura mai sanyi, muka yi gaisuwa, aka sake yin kuka kaɗan. Motar na nan ƙarƙashin bedi a ƙofar gida, fentinta ya koɗe amma da murɗa makulli ɗaya ta tashi. Injin kuma an lulluɓe shi da tamfol. Na riga na buga wa masu sana'ar waya a Katsina da Kano, saboda haka a zaure na shaida wa Yaya cewa zan sa wa motar miliyan huɗu, kuma ba zan sauko ƙasa da uku da rabi ba. Mu uku ne a zauren, sai wani maƙwabci da ya shigo da tabarma ya fita. Yaya ta ce, "Kada ka yi gaggawa, amma kuma kada ka kai ni baɗi."

Hantsi na yi dillali ya iso da mai saye na farko. Mutumin ya zagaya motar yana harbin taya da ƙafa, ya sa yatsa a bututun hayaƙi ya nuna mani baƙi, kamar akwai motar da nata fari ne. Ya ce injin motar na shan baƙin mai, giya ta kusa zubewa, bodi ya ruɓe. Ya taya miliyan biyu. Na ce albarka. Bayan azahar na biyu ya zo, ya fi na farko iya tsaki, ya taya ƙasa da haka, wai ma don zumunci. Dillali ya ja ni gefe yana raɗa, "Alhaji, kasuwa ta mutu. Da ka kama na farko. In ka yarda in lallaso maka shi ya dawo." Abokin tafiyata ya taɓa ni ya ce in dubi hular na biyun da kyau. Ashe mutanen nan biyu su ne muka gani a bencin mai shayi tare da dillalin. Na ce masu su gaida gida.

Daga nan kowa ya zama abin tuhuma a idona. Mai kawo ruwa, mai wucewa ya yi sallama, har abokin tafiyata da na ga ya koma bayan katanga yana waya ƙasa-ƙasa. Na lallaɓa na kasa kunne. Matarsa ce ke jaddada masa kada ya dawo ba man shanu.

Da la'asar wani dattijo ya tsaya a kan tsohon babur, rigarsa duk ƙaiƙayi. Ya ce daga wajen Fakuwa yake, ya ji ana sayar da inji, kuma ba ya son dillali a tsakani. Wannan kalma ta sanyaya mani rai. Bai kushe komai ba. Ya sa aka kawo damin gero aka tayar da injin, ya tara hannu ya duba tsabar, ya ce marigayi ya riƙe kayansa da amana. Muka ɗan ja, muka daidaita a kan kuɗin da ya yi mani daɗi. Har ya hau babur, sai ya waiwayo ya ce, "Motar fa? Injin nan sai da abin ɗaukarsa."

Na ce miliyan huɗu. Ya yi dariya ya ce uku. Na ce albarka. Ya ƙara ɗari biyu, na rage ɗari. Ya ja carbi, ya ce shi manomi ne, sai ya sayar da shanunsa na huɗa kafin ya cike. A ƙarshe ya ce, "Uku da rabi, ɗana. Ko sisi ba ni da shi bayan wannan." Bayan tayin miliyan biyu da na sha tun safe, sai na ji kamar kyauta ake ba ni. Yaya ta turo daga cikin gida cewa in sallama. Na sallama. Aka kira mai unguwa da ƙanen marigayi suka shaida, kuɗi suka shiga asusu, aka miƙa takardu da makulli.

Mun kwana a Kusada, da safe muka kamo hanya da man shanu da ƙullin daddawa. Muna shiga Kankiya abokin tafiyata ya taka birki. Ga akori-kurar a wurin wankin mota, ana ta zuba mata kumfa. A gefenta dattijon nan ne cikin babbar riga sabuwa dal, ga dillali, ga masu tsakin jiya su biyu, suna cin tsire a takarda ɗaya.

Na sauka. Dillalin bai ko ji kunya ba, ya miƙo mani hannu ya ce, "Alhaji, an tashi lafiya? Ai Baba ubangidanmu ne. Akwai mai jiranta a Kano, gobe za ta wuce." Na tambaye shi nawa. Ya ce wannan kuma cinikin wasu ne. Dattijon ya tura mani tsire ya ce bismilla.

A mota na kira Yaya na faɗa mata komai. Ta ce, "Da bakinka ka sallama, kuma abin da ka ce ba za ka sauka ƙasa da shi ba, shi aka ba ka. Magina za su fara katanga jibi. Allah ya sa haka ya fi alheri." Na ce amin, amma har muka wuce Charanci ina lissafin yadda aka yi dattijon ya dira daidai kan uku da rabi, ba sama ba ƙasa.

Mun iso Katsina kafin azahar. Abin da tafiyar nan ta koya mani shi ne, duk tsaron da na yi, masu kushe kaya na tsare, alhali an turo su ne don in gaji in faɗa hannun mai yabo. In za ka sayar da mota ko inji, ka san kuɗin kayanka tun daga gida, wannan shi ya hana a yi mana wulaƙanci. Amma ƙarshen farashinka, kada ka furta shi ko a zauren gidanku, kuma ranar da ka ji tayi ya yi maka daɗi, ka ce a bari sai gobe.