Likkafani na Biyu

Ina bakin turmi, rana ta take tsaka, wayar mijina ta yi ƙara a aljihun rigar da ya rataye jikin darni. Shi ya sauka fadama wajen albasa. Na goge hannu a zane na ɗauka. Namiji ne, ya fara da Faransanci, da ya ji na yi jinkiri sai ya koma Hausa. Ya kira sunan yayana, ya tambaya ko mu ne danginsa. Ya ce daga gidan kaso yake kira, mu yi haƙuri, da hantsin nan Allah ya karɓi abinsa. Zazzaɓi ne, bai daɗe yana yi ba. Ya ce a zo a ɗauka kafin la'asar.

Na ce masa to. Har godiya na yi masa. Sai da na ajiye wayar na ga taɓarya tana ɗaya hannuna, ban sake ta ba.

Allah ya gafarta mini, ba mamacin ne ya fara zo mini a rai ba. Ɗan'uwansa ne, wanda yake zaune a ɗakin ƙurya na gidan Inna, da yadda za a yi a gaya masa ba tare da mun rasa shi ba shi ma.

Yayyena tagwaye ne, ni na biyo bayansu. Babba da Ƙarami ake ce musu a gida. A ƙauyenmu, can cikin duwatsun da ke bayan Allakaye, kowa ya san ba a bambanta tagwaye. Abin da ka ba ɗaya shi za ka ba ɗayan, in hula hula, in mari mari. In ka bambanta, ana cewa wanda aka tauye zai aiko maka da kunama. Malamai suna cewa camfi ne. Amma na tuna ranar da Baba ya dawo kasuwar Buza da takalmi ƙafa ɗaya, na Babba, don nasa ne ya tsinke. Da safe Baba ya zura hannu cikin tulun alwala sai muka ji ihunsa. Inna ba ta ko ce masa sannu ba. Cewa ta yi, "Ai na hwaɗa maka." Ranar kasuwa ta gaba ya sayo na biyun.

Tun daga zanen goyonsu wurin mutum ɗaya Inna take sayen ƙyalle, wani tsoho mai rumfa a bakin kasuwa. Ba sai ta yi bayani ba. In ya hango ta, ko ya ji an ce saƙon uwar tagwaye ne, sai ya auna ya yanke, ya sake aunawa ya yanke. Haka aka yi ta yi har suka yi gemu, har kowannensu ya ajiye mata.

Abin ya faru da kaka. An yanke hatsi, dammuna suna tsaye a gona ba a kai rumbu ba, hukuma kuma ba ta sanar an saki gonaki ga makiyaya ba tukuna. Garke ya shiga gonarsu. Makiyayin ba baƙo ba ne, ubansa ma a gonar Baba yake sauka da rani shanunsa su zuba taki. Magana ta yi zafi, sanduna suka tashi. Hannun makiyayin ya karye, Ƙarami kuma aka fasa masa kai. Jandarma suka tafi da Babba a ranar. Ƙarami aka kai shi likita a Madawa, ya daɗe kwance bai san wanda ke kansa ba.

Kafin a shiga kotu dattawa sun zauna a ƙofar maigari, nasu da namu, an yi sulhu, an yafi juna. Mun ɗauka magana ta mutu. Ashe abin da ya shiga hannun hukuma ba ya fita da yafiya kaɗai.

Ni ce na yi lakwal, wato boko, a gidanmu, na kai aji shida, don haka ni ake turawa duk inda ake Faransanci. Ina zaune a benci ranar da aka yi wa Babba shari'a shi kaɗai, tunda ɗan'uwansa bai tashi ba. Alƙalin dattijo ne, ba ya ɗaga kai sosai. Ya ce rikicin gona da garke ya ishe shi, sai ya yi maganin da wasu za su gani su ji tsoro. Shekara uku. Babba ya juyo yana neman fuskata don in fassara masa, na ɗaga masa yatsu uku. An ce akwai ƴan kwanakin da ake ɗaukaka ƙara a cikinsu. Lokacin da na ji haka sun riga sun wuce.

Da Ƙarami ya warke aka kira shi. Kotun nan ce dai, bencin nan, har fankar da ba ta juyawa tana nan. Amma an yi wa dattijon canjin wurin aiki, an kawo wani matashi mai tabarau. Ya tambayi Ƙarami ko ya yi duka, ya ce ya yi, yadda ɗan'uwansa ya yi. Alƙalin ya tambayi zancen sulhu, ya sa aka kira makiyayin, ya duba tabon kan Ƙarami. Shi ma ya ce shekara uku, amma da sursi, wato hukuncin a rataye yake: ka tafi gida, in ba ka sake ba shi ke nan.

Mutane suka yi ta zuwa barka. Inna tana amsawa, idonta yana ƙasa, tana duban gindin randa da bakin tabarma. Kunama take jira. Ta kakkaɓe kowane takalmi, ta juya kowace ƙwarya. Sati ya wuce, wata ya wuce, ko ɗaya ba a gani ba, a gidan da in an ɗaga dutse sai an samu. Wannan ya fi tsorata ta. Ta ce mini, "Da Babba ya yi hushi da na san shina nan da ƙarhinai."

Ƙarami ne ya matsa in raka shi wurin sabon alƙalin. Mun samu ya yarda ya gan mu a ofishinsa. Ƙarami bai zauna ba.

"Ranka ya daɗe, kuskure anka yi. Ko ka hiddo shi, ko ka sa ni ciki."

Alƙalin ya yi ɗan murmushi. "Tunda na fara aikin nan kai ne na farko da ya zo roƙon kaso."

"Ba wasa nikai ba. Sanda guda munka ɗauka, gona guda, mutum guda munka buga. Ciki guda munka kwana. Ina ka taɓa ganin an auna ma tagwaye da tiya biyu?"

Murmushin ya ɓace. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce mana, da Hausar mutanen gabas, ba shi da ikon taɓa hukuncin da wani alƙali ya yanke, ba shi kuma da ikon ɗaure mutumin da ya riga ya saki. Sai ya ba mu labarin da ban tambaye shi ba. Ya ce kafin a turo shi nan an tara su a Yamai don ƙarin horo, tsofaffi da sababbi. Aka karanta musu labarin laifi ɗaya, aka ce kowa ya faɗi hukuncin da zai yanke ba tare da ya ji na maƙwabcinsa ba. Da aka bayyana, wani ya saki mutumin, wani ya ɗaure shi shekaru, kuma kowa da ayar dokar da ya dogara da ita. Ya ce don haka ake ta tara su yanzu, don mai laifi ya daina dogara da sa'ar wanda ya tarar a kujera.

"Shi wancan dattijon," in ji Ƙarami, "an tara da shi?"

"Ban gan shi ba."

Ya ba mu shawara mu nemi a yi wa Babba sassauci in ya cinye rabin wa'adinsa. Ya nuna mini yadda ake nema, kuma na nema. Mutumin kirki ne, ban riƙe shi da komai ba. Da na kawo wa Inna labarin horon, ta ce Allah ya ba su sa'ar karatu, nata ɗan dai yana ciki.

Daga ranar Ƙarami ya shiga ɗakin ƙurya, inda Baba yake ajiye hauya da igiyoyi. Ya fitar da katifa ya bar tabarma. Ya tambaye ni abin da ake ba su a gidan kaso da lokacin da ake ba su, ya ce haka za a riƙa ba shi. Yana fitowa tsakar gida ya yi alwala, ya ɗan sha rana, ya koma. Ƙofar gida ba ya ƙetare ta. Matarsa ta yi kuka, liman ya zo ya yi nasiha, abokansa na fada, wurin hirarsu, suka zo suna tsokanarsa, "Kai, fursunan Inna, wa ad da makullin?" Ya yi dariya tare da su, amma bai fita ba. In Inna ta dama fura za a kai wa Babba, sai ta raba biyu daidai. Ranar da ba a samu mai zuwa gari ba, Ƙarami ma ba ya sha.

Akwai abin da na gani da idona, ban san yadda zan kira shi ba. Na je ziyara wata Juma'a na tarar Babba yana ɗingishi, ya ce ƙusa ya taka. Na dawo gida kafin in buɗe baki na ga Ƙarami ya fito alwala yana jan ƙafar hagu. Na ce me ya same ka, ya ce shi ma bai sani ba, haka ya tashi. Ban gaya wa kowa ba.

Shi ya sa ranar da wayar nan ta zo na tafi gidan Inna ina tsara kalmomi a hanya. Ban yi amfani da ko ɗaya ba. Na tarar da shi zaune a bakin ƙofar ɗakin, ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a alhali ranar Talata ce. Ya dube ni ya ce, "Da hantsi ne ko?" Na ce e. Ya ce, "Na ji sanyi ya sake ni."

Mijina da wasu maza suka tafi da mota ɗauko gawa. Aka kira tsohon mai ƙyalle a waya, aka ce an yi rasuwa gidan uwar tagwaye, a aiko da fari. Mai kabu-kabu ya kawo ƙunshi cikin leda, aka miƙa wa Inna a tsakar gida, mata sun cika. Ta kwance. Likkafani biyu ne, a ninke, ɗaya kan ɗaya, tsawonsu ɗaya.

Wata ta ja mayafi ta rufe baki. Na ɗaga kai na ga Ƙarami yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, ya gani.

Daga baya tsohon ya zo gaisuwa da kansa, yana hawaye. Ya rantse ya san mutum ɗaya ne ya rasu, an gaya masa. Ya ce hannunsa ne ya auna ya yanke, ya sake aunawa ya yanke, kamar kullum, bai farga ba sai da ƙurar babur ta kwanta. Ya ce a ba shi ya mayar. Inna ta ce a bari tukuna. Ta gaya mini dalilinta bayan an watse: in ta mayar, ta ba ɗaya ta hana ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba. In ta ajiye kuma, kamar ta shimfiɗa tabarma ce tana jiran baƙo.

Ƙarami ya fita sau ɗaya, ya bi gawa maƙabarta, shi ya shiga ramin ya karɓe ta. Makiyayin ma ya zo, da hannunsa da bai miƙe daidai ba, ya zuba ƙasa. Na sa rai daga can Ƙarami zai wuce gidansa. Ya dawo ya shiga ɗakin ƙurya.

Bayan sadakar uku na same shi. An ce wanda ya biyo bayan tagwaye shi ke kwance abin da suka ɗaure, don haka Inna ta tura ni.

"Yaya, ya isa haka. Wanda kake tayawa ya tahi. Ɗiyanka na tambaya."

"Ya cika ukun?"

"Mutuwa ta shahe hukunci, alƙali da bakinai ya hwaɗi."

"Alƙali na da lissahinai, ƙanwata. An ce shekara uku, ni da shi. Ni anka rataye min tawa, shi ya aje tashi bai ƙare ba. Wa kike so ya ɗauka?"

Na ce to in ya cika zai fito? Ya ce in Allah ya kai mu. Bai dube ni ba da ya faɗa, bangon da ke tsakaninsa da ɗakin Inna yake duba, daidai inda akwatin da ta ajiye likkafanin yake.

Amsar neman sassaucin da na yi ta iso bayan arba'in. An amince. Na karanta, na ninke, ban fassara wa kowa ba.

Kwanan baya Inna ta ce in buɗe akwatin in ɗauko mata turare. Farin ƙyallen yana sama. A kansa akwai kunama, baƙa, ita kaɗai, ta farko da aka gani a gidan tun ranar shari'a. Ba ta ɗaga ƙari ba, ba ta gudu ba. Na ɗauki takalmi, Inna ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Bar ta. Gaisuwa ta zo." Muka tsaya har ta sauka ta bi gindin bango, ta shige ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ƙurya. Mun kasa kunne, ba mu ji komai ba.

Yana ci, yana salla, ya rame amma yana amsa sallama. Ni nake kai masa abinci yanzu, ina ƙara luddai ɗaya a ɓoye, yana barin luddai ɗaya a kwano. Saura damina ɗaya wa'adin ya cika. Har yau bai fito ba, likkafanin kuma ba mu mayar ba.