Yadda Wietske Ba Ta Zama Likita Ba

Wietske Boonstra 'yar wani mai kiwon shanun madara ce a wani ƙauye kusa da Leeuwarden. Tana shekara goma sha huɗu ta yi jinyar mahaifiyarta wata uku, har rai ya yi halinsa. Tun lokacin ta ƙudurce a ranta likita za ta zama. A zamaninsu ƙuri'a ake jefawa kafin a shiga likitanci. Sau biyu ta shiga, sau biyu ba ta dace ba. Sai ta haƙura ta karanta ilimin halittu a Groningen da rancen gwamnati, har ta gama digiri na biyu.

Tana shekara ashirin da biyar abu biyu suka zo mata a mako guda. Aka ba ta gurbi a likitanci, ta hanyar da ake ɗaukar masu digiri. Malaminta kuma ya ce yana neman mai yin digirin digirgir kan ƙwayoyin jini, shekara huɗu, ga albashi duk wata.

Ranar Lahadi ta hau jirgin ƙasa ta je gida. Ta tarar da mahaifinta da yayanta Sjoerd suna cin dakakken dankali da kabeji. Ta zayyana musu komai.

"Bashin nawa ne a kanki yanzu?" in ji Sjoerd.

"Yuro dubu arba'in da ɗaya, Yaya."

"In kika yi likitancin fa?"

"Zai ninka. Kuma sai na kusa shekara arba'in kafin in ƙware. Ga kwanan asibiti, duk garin da aka tura ni dole in tafi."

"Kai, ƙanwata! Ki fito da furfura, bashi na biye da ke. Ko shanunmu ba su ci kuɗi haka ba."

Ba ta yi dariya ba. Idonta na kan hannun mahaifinta, cokalinsa na ta ƙwanƙwasa faranti. Ya sa ɗaya hannun ya danne shi.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun bara. Ba komai ba ne. Kada ki sa ni cikin shawararki."

Amma ta sa shi, ta zaɓi aikin malaminta. Takardar da ta rubuta ta ƙin gurbin likitancin ta kwana uku a aljihun rigar sanyinta kafin ta iya aikawa.

Shekara huɗun nan duk ƙarshen mako tana gida, tana yi wa tsohon aski, tana raka shi asibiti. Ranar da ta kare bincikenta a keken guragu aka kawo shi. Da aka watse ya riƙo hannunta.

"To, Dokta, yanzu za ki rubuta mini magani?"

"A'a, Baba, tawa ba irin wannan ba ce."

Ya gyaɗa kai, ya ce duk da haka ya ji daɗi. Bai ga sanyin baɗi ba.

Yau Wietske ta haura arba'in. Tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ƙarfe biyar ta hau kekenta ta koma wurin 'ya'yanta mata biyu. Wata ɗaliba da ke cikin irin wannan ruɗani ta taɓa tambayarta ko ta yi nadama. 

"Wasu ranakun," ta ce. "In na ga mugun abu a jinin mutum, ni ce farkon sani, amma wani ne zai zauna kusa da shi ya faɗa masa. Ko fuskarsa ba zan gani ba."