Amsar da Ka Taho Karɓa

Mu duka na Allah ne, kuma gare Shi za a koma, tsoho da yaro. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Rajab, Allah ya karɓi ran jikana Zainulabidin a hatsarin mota tsakanin Gashuwa da Nguru. Wurina zai zo.

Zainu, angona, karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma wannan da hannuna na rubuta shi, domin duk zuriyar nan kai kaɗai ka taɓa cewa surutuna abin adanawa ne.

Kai ka buɗe wa manoman tattasai na Gashuwa shafin intanet, har fatake suna ganin kayansu tun daga nesa. Ban manta Baba Ibram ba, tsohon da ya sa ka koma gonarsa cikin rana ka sake hoto, wai jakinsa bai fito ba. Ka koma, ka dawo kana ba ni labari kana dariya har da hawaye. Wayata ma kai ka ƙara mata girman baƙaƙe, ka ce kada amaryarka ta makance kafin a ɗaura.

Bayan damina ka zo mini da magana. Ka ce za ka ƙara wa shafin wani ɓangare, bulog, inda za a riƙa sa labaraina na da. Ka zaunar da ni ka yi mini bayani. Shafin yana zaune ne a wata na'ura da kuke haya, saba, kamar ƙaramin ɗaki. Manhaja biyu ka samo. Ɗaya tana ɗaukar murya, amma ta fi ƙarfin sabar, sai an kwashe shafin kaf an yi ƙaura, manoma su yi kwanaki ba a ganin kayansu. Ɗayar ba ta da nauyi, za ta zauna daram inda ake, amma rubutu kawai take ɗauka.

Ka ce, "Iya, labaranki ne. Murya ko rubutu?"

Wallahi tun a zaman nan na san amsata. Amma sai na ce, "Wace amarya ka ga ta amsa ranar farko? Je ka dawo da bandar kifi."

Ka dawo da kifi, na ce ƙaya ta yi masa yawa. Ka kira ni, na ce ba a neman aure ta waya. Kowa ya ɗauka wasan kaka da jika ne. Ni kaɗai na san gidan nan ya yi mini faɗi tun rasuwar kakanka, kuma na lura muddin ban zaɓa ba, za ka yi ta zuwa.

Ranar Litinin ka sake kira. "Iya, don Allah. Tattasai ya kusa shiga kasuwa, abokin aikina Zarami ya matsa mini."

Na ce, "Zo da ƙafarka ran Laraba, in faɗa maka."

Burabusko na dafa maka da miyar kuka. Yana nan a rufe aka yi sallama a ƙofar gida, aka kawo mini labarin hatsarin.

Malamai sun ce kwana ne ya ƙare, ko kana kan gadonka ajali zai same ka. Na yarda, ba na ja da hukuncin Ubangiji. Amma kalma ɗaya ce fa, Zainu, kuma waya tana hannuna.

Zarami ya zo gaisuwa, bai tambaye ni komai ba. Ni na tsayar da shi a zaure na ce ya sa mara nauyin, kada a taɓa wa manoma shafinsu. Ita ce amsata tun farko, don na san halinka, da na ce murya da ka wahalar da kanka ka yi ƙaurar. Zan riƙa rubutawa da karkataccen rubutuna. Wannan shi ne na farko da za a sa.

Rahima 'yata, ke kika haife shi, ni na kira shi ya hau hanya. Ki yafe mini. Bushra, matarsa, Allah ya sanyaya zuciyarki, ya raya abin da ya bari. Manoman Gashuwa, ina yi muku ta'aziyya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa hidimar da ka yi wa mutane ta zame maka inuwa. Allah ya sa Aljanna ce makomarka. In ya haɗa mu a can, ka tambaye ni ko mene ne, kafin ka rufe baki zan amsa.

Kakarka, Maijidda, daga Nguru.