Mai Hular Lemon Tsami

Doña Hermila ta tsufa a bayan ƙofa guda, ƙofar madafar wani gidan abinci a unguwar Pilsen ta birnin Chicago. Tun tana budurwa, da isowarta daga Michoacán ta ƙasar Meziko, aka tsayar da ita gaban tanda tana tafa ƙullun masara, tana gasa tortiya. Zauren masu ci kuwa sai dai ta ji shi ta bango, ƙarar cokula da kiɗan garinsu, kamar biki a wancan ƙetaren kogi.

Ta kwanuka ta san mutane. Akwai wani kwano da ke dawowa duk Lahadi an suɗe shi tas, an juya ɓawon lemon tsami an kifa a tsakiya kamar 'yar hula. Ba ta taɓa tambayar masu kai abinci ko na wane ne ba. A cikin tururin tukwane ta ƙera mai kwanon a ranta: dogo, mai gashin baki, mai tafiyar mahaya doki. Ta yi aure, mijin ya rasu, 'ya'ya suka watse, hular ba ta fasa zuwa ba.

Da sanyin ƙashi ya naɗe mata yatsu ta bar aiki, sai jikarta Noemí ta ce za ta kai ta cin abinci.

"Ina kike so, Kaka?"

"Inda na fito. Amma ta ƙofar gaba, kuma ran Lahadi."

Ta sa 'yan kunnen aurenta. Zauren bai kai rabin wanda ta gina a ranta ba, ga tutocin takarda duk sun koɗe. Aka kawo farfesun akuya, ta bar shi yana hucewa, tana bin tebura da ido.

"Kaka, saurayi kike nema ne?"

"Ci abincinki, marar kunya."

Can kusa da taga ta ga wasu yatsu na juya ɓawon lemo a hankali. Ta bi hannun da kallo har zuwa fuska. Don Nicanor ne, maƙwabcinta gajere mai sanƙo, wanda karensa ke tone mata shukar barkono. Rabonsu da gaisawa har an manta.

Ta ji kamar ta sulale ta fita, ta tsira da dogonta na zuci. Sai ga tsohon ya ɗago.

"A'a, masifaffiyar layinmu! Yau me ya fito da ke?"

"Mai karen ɓarna. Kai ma nan kake zuwa?"

"Tun ina da gashi. Amma an lalace, tortiyar yanzu kamar kwali. Da akwai wata mai yi a ciki, ban taɓa ganinta ba. Hannu ne da ita kamar auduga. Na san doguwa ce, mai sanyin hali."

Noemí ta ƙware da ruwa. Doña Hermila ta dubi yatsunta da ke kan tebur, ba ta ɓoye su ba.

"Sanyin hali kam ban sani ba," in ji ta. "Ɗauko kwanonka ka dawo nan, tsoho. Ka nuna mini yadda kake juya ɓawon nan."